Neman shawara: wata uku ke nan ban gane kaina ba, ci da barci da karatu duk sun rikice min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji uku, shekarata 22, a hostel nake zaune. Wajen wata uku ke nan ban gane kaina ba. Da ni ce mai surutun ɗakinmu, yanzu ko gaisuwa nauyi take min. Sai in zauna hawaye ya zubo, in an tambaye ni me aka yi min, wallahi ba ni da amsa. Idan Umma ta kira sai na bari ta katse, na wanke fuska, na daidaita murya, sannan na bi kiran.

Ga yadda kwanana yake tafiya. Lakca ƙarfe 8, ni kuma ba na tashi da wuri, don haka babu karin kumallo. Sai wajen ƙarfe 2 in sayi lemon kwalba da fanke ko biskit. Abincin kirki sai dare, shi ma taliyar Indomie ce guda biyu, wajen ƙarfe 11. Idan tes ya matso ina shan lemon nan na ƙarin kuzari da shayi mai kauri in kwana ina karatu, in kwanta bayan asuba, in tashi da ciwon kai. Wata rana ko ƙamshin abinci ba na so. Wata rana kuma, musamman idan raina ya ɓaci, in yi ta ci ba don yunwa ba har cikina ya yi nauyi, daga baya in ji haushin kaina. Siket ɗina guda biyu sun daina shiga ta. Ajinmu yana bene hawa na biyu, kafin in kai sai na tsaya na huta, zuciyata tana bugawa, wani lokacin har da jiri. Zangon da ya wuce na faɗi kwas ɗaya, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

A gida ba haka nake ba. Ni ce mai shara da wanki da kai niƙa, Islamiyya ma da ƙafa nake zuwa in dawo. Nan kuwa daga gado sai aji, daga aji sai gado, in da 'yan canji a jakata adaidaita nake shiga ko da tafiyar ba ta kai ta kawo ba.

Wata ƙawata ta ce rashin motsa jiki ne. To a ina zan yi? Filin wasa maza ne cike, ni kuma da hijabina ba zan iya shiga cikinsu ina tsalle ba, kuɗin gidan motsa jiki kuma babu. Da gaske motsa jiki yana taɓa yanayin zuciyar mutum, ko magana ce kawai? Kuma me ɗaliba mai ƙaramin ƙarfi za ta riƙa ci? Ku taimaka min da shawara don Allah.

Bakatsiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye miki 'yar'uwa, ya ba ki lafiya. Ki riƙe azkar ɗin safe da yamma. Ina bin wannan zancen, don ƙanwata ma kusan haka take.

Anti Nas:
Ƙanwata sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kafin kowa ya tura ki gudu ina so ki fara zuwa asibitin makarantarku a duba jininki. Hakin nan da kike yi a bene hawa biyu, da bugun zuciya, da jiri, a wurin budurwa 'yar shekara 22 da ba ta cin abincin kirki, abin da ya fara zuwa raina shi ne ƙarancin jini. Ki ce a auna miki PCV, wato gwajin yawan jini, a duba maleriya. Gwaji ne mai sauƙi, yawanci a ranar ake ba da sakamako. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki idan himoglobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, wato PCV ƙasa da 36 ke nan a kimance. Ki amsa min wannan: al'adarki kwana nawa take yi, kuma tana zuba da yawa? 'Yan mata da dama a nan jininsu yake tafiya ba su sani ba, ga shi abincin bai mayar da abin da ya fita. Shayin nan mai kauri ma yana da nasa laifin, domin idan aka sha shi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji zai tsotsa. Mai ƙarancin jini kuwa kasala da saurin fushi da rashin riƙe karatu duk suna iya samunta.

Na biyu, lemon ƙarin kuzari da shayi duk akwai kafeyin a ciki, wato sinadarin nan mai hana barci. Idan kin sha, bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jikinki bai fita ba. Kin ga wanda kika sha ƙarfe 12 na dare yana nan yana aiki har asuba, ko kin kwanta barcin ba zai yi nauyi ba. Shi ma yana sa bugun zuciya.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Kukan nan ba dalili, da daina jin daɗin abin da kike so a da, da rikicewar ci da barci, idan suka wuce mako biyu suna tare da mutum kusan kullum, likita yana duba ko ciwon damuwa ne. Ke kin ce wata uku. Ki faɗa wa likitan wannan ɓangaren ma kamar yadda kika faɗa mana, kada ki tsaya a ciwon kai da jiri kawai. Zan yi miki tambaya kai tsaye, kada ki ji nauyina: kin taɓa jin gara ma a ce ba kya raye, ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki? Idan e, yau ɗin nan za ki je asibiti, ki tafi da wadda kika yarda da ita.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai a ganina hutu ne ya yi wa yaran yanzu yawa. Iyayenmu da suke surfe da daka da ɗebo ruwa wa ya taɓa jin suna da wata damuwa? Ki ajiye waya ki tashi ki yi aiki.

Uwar Biyu:
Malam, ba a yi wa mai neman taimako haka. Yarinya ta cire kunya ta faɗi abin da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Iyayen namu ma suna shiga ƙunci, sunan ne ba su sani ba, sai a ce iska ce ko sammu. Gaskiya ɗaya ce a maganarka, aikin da suke yi da jikinsu yana taimakonsu, kuma ita ma ai abin da ta zo tambaya ke nan.

'Yar aji biyar:
'Yar'uwa kamar labarina kika rubuta. Ni nawa ya fara ne bayan yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas tun daga Fabrairu har Oktoba. Da muka koma aka matse mana zango, karatu ya taru, na koma cin dare da kwanan zaune. Sai da na kai ba na son fita ko ƙofar ɗaki.

Zan gaya miki abin da na yi, ba wai don shi ne magani ga kowa ba. Akwai wata 'yar ɗakinmu da ba ta komawa barci bayan asuba, takan zaga harabar hostel tana azkar. Wata rana ta ja ni. Da hijabinmu har ƙasa, da silifas, babu wanda ya ko kalle mu, don mai tafiya ba abin kallo ba ce. Ranar farko minti 10 na ce na gaji. Na koma na kwanta ina jin haushinta ma. Amma ta ci gaba da tashina, ni kuma kunyarta ta hana ni cewa a'a. A mako na biyu abin da na fara lura da shi ba farin ciki ba ne, yunwa ce. Ina dawowa sai in ji cikina yana neman abinci da safe, abin da na manta rabona da shi. Da na fara karyawa, sai lemon ƙarfe 2 ya daina zame min dole. Da dare kuma ƙarfe 10 barci yake kama ni da kansa. Sauƙin zuciya shi ya zo daga ƙarshe, a hankali, har ban san ranar da ya shigo ba, sai dai wata ƙawata ce ta ce min kin dawo da dariyarki.

Daga baya muka sayi igiyar tsalle a kasuwa, muna yi a cikin ɗaki ƙofa a rufe. Tsallen igiyar nan da muka yi muna yara, ki gwada minti 2 yanzu ki ji yadda za ki jiƙe da gumi. Amma ki fara bin maganar Anti Nas tukuna, mai jiri ba ta tsalle.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, ki samu abokiyar tafiya. Ranar da zuciya ta yi nauyi ba za ki iya tashin kanki ba, sai wani ya ƙwanƙwasa miki.

Malamin motsa jiki:
Ƙanwata, tambayarki ta ko da gaske ne, amsar ita ce da gaske ne. Abin da na karanta ke nan kuma shi nake koyarwa a sakandare. Motsa jiki a kai a kai yana rage alamomin damuwa da fargaba, yana gyara barci, kuma likitoci suna sa shi cikin abin da suke ba mai damuwa mara tsanani shawara a kai. Ba ya maye gurbin likita idan abin ya yi nauyi.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga wanda ya kai shekara 18 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, sai kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Kada lissafin ya tsorata ki. Minti 150 shi ne minti 30 a kwana biyar, kuma ba dole ne a yi shi a haɗe ba. Idan daga hostel zuwa ajinku tafiyar minti 15 ce, zuwa da dawowa kin cika na ranar, ga kuɗin adaidaita ya zauna a jakarki ya zama kuɗin ƙosai. Yadda za ki gane matsakaici: kina tafiya kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Tafiyar rangwaɗa ana hira ba ta kai ba, ki ɗaga ƙafa kamar kin makara. Wanki da hannu, shara, ɗaukar bokiti zuwa bene, duk suna cikin lissafi. Shi ya sa a gida ba ki san wannan matsalar ba, kina motsa jiki ba ki san sunansa ke nan ba.

Lokaci kuma, a ƙasarmu safiya ta fi, musamman a bazara, watan Maris zuwa Mayu, da rana take iya haura digiri 40. Hasken safiya da ke shiga ido ma yana taimaka wa jiki ya gane lokacin farkawa da na barci. Ki sha ruwa kafin ki fita. Kuma don Allah kada ki ɗora abin a kan siket ɗin da suka matse. Masu farawa don rage ƙiba su suka fi saurin bari, saboda sikeli ba ya saurin motsi. Ki duba barcinki da cin abincinki, su za su fara canzawa.

Hajiya Babba:
'Yata, ni ban yi boko mai zurfi ba amma na yaye 'ya'ya huɗu daga jami'a, kuma duk wanda zai koma makaranta ni nake haɗa masa kaya. Ki saurare ni.

Kuɗin da kike kashewa a lemo da biskit da taliyar leda a mako, ki tara shi ki ga ko bai sayi kwanon wake ba. Wake shi ne naman talaka. Ranar Asabar ko Lahadi ki gyara shi, ki dafa garau-garau, ki sa mai da yaji, ki yanka albasa da tumatir da ɗan kabeji ko latas a kai. Idan kin je gida hutu ki ce Ummanki ta yi miki garin kunu, na gero ko na gyaɗa. Ruwan zafi kawai yake so, minti biyar kin dama kin sha, kin sayi ƙosai ko awara a bakin hanya, kin tafi aji da abu a cikinki. Ta daka miki yajin ƙuli-ƙuli, ta shanya miki zogale, ki riƙa yin kwaɗo ko ki barbaɗa a miya. Ki ajiye soyayyar gyaɗa da dabino da aya a jaka, idan yunwar rana ta taso su za ki ci maimakon biskit. Dankalin Hausa ma yana da arha lokacinsa kuma yana riƙe ciki. Abin marmari kuma ki bi na kaka: mangwaro da zafi, gwaiba da lemon zaƙi da sanyi, yalo da karas da kankana duk lokacin da kika gani da sauƙi.

Taliyar ledar ban ce ki daina gaba ɗaya ba, na san halin makaranta. Amma guda ɗaya ta isa, ki fasa ƙwai a ciki, ki zuba ganye, ki rage garin ɗanɗanon nan nata don gishiri ya yi masa yawa. Kuma ki ci kafin isha ko bayanta kaɗan, ba tsakar dare ba.

Sannan ki gaya wa mahaifiyarki. Kina tsammanin ba ta ji a muryarki ba? Wallahi ta ji, jira take ki buɗe baki.

Anti Nas:
Hajiya Allah ya saka da alheri. In ƙara a kan maganarki: wake da zogale da alayyahu suna da sinadarin ƙarfe, amma jiki ya fi tsotsarsa idan an haɗa da mai tsami irin lemon tsami, lemon zaƙi, gwaiba ko ɗanyen tumatir. Hanta ko kifi ko sau ɗaya a mako in da hali. Shayi a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci. Lemon kwalba kuwa, robar santilita 50 ta irin kola tana ɗauke da sukari sama da giram 50, wato ita kaɗai ta cinye iyakar da ake so babba ya tsaya a kai a yini guda.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan ɗalibai haka muke fama, sai dai mu shayin ataya ne ya kama mu, a zauna a fada har tsakad dare ana dafa na ɗaya da na biyu da na uku, da safe kowa ido ja. Ni da na rage shi na koma fura da nono da rana, kuma na bar hawan kabu-kabu zuwa makaranta ina tafiya da ƙasa, na ga canji ƙwarai. Allah shi ba ki lafiya.

Wata 'yar'uwa:
Akwai wani shayin rage tumbi da nake sayarwa, kuma ki samu maganin barci a kemis ki riƙa sha, kwana uku za ki warware.

Anti Nas:
A'a, don girman Allah kada ki yi wannan. Yawancin shayin rage tumbi zawo suke sa mutum, ruwan jiki ne yake fita, ga ki da jiri tun asali. Maganin barci kuma ba a shansa sai likita ya rubuta, yana kama mutum. Ta irin wannan ƙofar ce matasa da yawa, har da 'yan mata, suka faɗa shan kodin da tiramol, daga neman barci ko neman ƙarfin karatu. Ba banza gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba. Admin a duba wannan tallar.

Malamin Islamiyya:
'Yar'uwa, ina so in cire miki wani nauyi, don na san akwai masu ce wa mai irin halinki raunin imani ne. Ba haka ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma annabi ne. Neman magani umarni ne, addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Game da kunyar motsa jiki, ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake ya tsere mata. Ita ce kuma ta ruwaito cewa talbina, wani kunu da ake yi da garin sha'ir, tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana rage wani ɓangare na baƙin ciki, har takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa. Kin ga tun wancan zamani an san ciki da zuciya suna da alaƙa. Ki tsare suturarki ki yi tafiyarki, babu laifi a kanki. Azumin nafila kuma ki dakata da shi har a ga sakamakon jininki.

Mai tambaya:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Na gode, Allah ya biya ku. Anti Nas, al'adata tana kai kwana 8 kuma kwanakin farko tana zuba sosai, ban taɓa ɗauka matsala ba ce. Tambayarki ta ƙarshe kuma, ban taɓa tunanin cutar da kaina ba alhamdulillah, sai dai nakan ji ina ma in yi ta barci kada kowa ya tashe ni. Gobe in sha Allah ba ni da lakcar safe, zan je asibiti. Hajiya, na kira Umma ɗazu. Ban iya faɗin komai ba sai kuka, ta ce dama ta sani.

Anti Nas:
Madalla ƙanwata. Kwana 8 da zuba mai yawa abin faɗa wa likita ne, da wannan maganar ta son yin ta barci, ita ma ki faɗa masa da bakinki yadda kika rubuta ta. Idan kin fito ki dawo nan ki ba mu labari.

Mai tambaya:
Salam, na dawo bayan mako uku, ku yi haƙuri da shiruna. PCV ɗina 29 aka samu, babu maleriya. Likita ta rubuta min ƙwayar ƙarin jini ta ce zan sha na wasu watanni, ta kuma tura ni ɓangaren mata saboda al'adar. Maganar damuwa ta yi min tambayoyi da yawa, ta ce in dawo bayan wata ɗaya ta sake gani kafin ta yanke ko za ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ta yarda in riƙa tafiya a hankali, tsallen igiya ta ce in jira tukuna.

Umma ta aiko direban motar garinmu da garin kunu da yaji da zogale. Ina karyawa yanzu kusan kullum. Ni da wata 'yar ɗakin kusa da namu muna zagaye bayan asuba, mun kai minti 20, kwana huɗu a mako. Lemon ƙarin kuzari na bari, na sha ciwon kai kwana uku sannan ya sake ni. Kukan bai tafi duka ba, shekaranjiya ma na yi, kuma cin dare yana dawo min duk ranar da raina ya ɓaci. Jarabawa saura mako biyar, ina tsoron kada in koma kwanan zaune. 'Yar aji biyar, ke ya kika yi da tafiyar asuba a lokacin jarabawa?

'Yar aji biyar:
Na rage ta zuwa minti 10 amma ban bari ba, kuma na mayar da karatuna bayan tafiyar maimakon dare, daga ƙarfe 6 da rabi zuwa lokacin fita. Ki turo min saƙo ta akwati in nuna miki yadda na raba kwasa-kwasaina a makonnin.